Tsohuwar kwalbar port ta iso jiya, in buɗe ko in bari ta huta tukuna?

Gajere77:

Jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka san kan giyar port ku ɗan taimaka min da shawara. Na sayi kwalba ɗaya ta vintage port ta shekarar 1977 a wani gwanjo na intanet, na haɗa da wani nau'in port ɗin da ake kira tawny mai shekara 20, jiya mai kawo saƙo ya miƙo min kwalin kuma yadda naga ya sauko dashi daga mota a kife nasan ba ƙaramar jijjiga suka sha a hanya ba. Da na ɗaga ta 1977 ɗin na haska tocilar waya ta bayan kwalbar sai naga cikin duk a dagule, wasu baƙaƙen abubuwa ƙanana sai yawo suke, wasu kuma ɓawo-ɓawo sun manne a gefe ɗaya. Ita tawny ɗin garau take ba komai a ciki.

Abinda yasa nake cikin sauri, yayana a 1977 aka haifeshi shi yasa ma na nemi wannan shekarar, kuma Asabar ɗinnan zamu haɗu. Na tambayi mutum biyu, ɗaya yace kar in kuskura in taɓa ta sai bayan wata uku wai giya tana gajiya da tafiya, ɗayan yace duk camfi ne in tsayar da ita dare ɗaya kawai in buɗe. Toh wanne zan ɗauka? Kuma a tsaye zan ajiye ta ko a kwance? Kwalba ɗaya ce tak, in na ɓata ta shikenan.

Uwar_Biyu:

Ɗan'uwa ai ka riga ka sayo maganin matsalarka da kanka baka sani ba. Ranar Asabar ku buɗe tawny ɗin, ita ba ruwanta da hutu, a ganga ta tsufa kuma an raba ta da guggubinta kafin a zuba a kwalba. Ita kuma ta 77 ka nuna wa yayan naka kwalbar ya gani ya ji daɗi, ku sa wata rana. Abinda ya jira shekara arba'in da ɗoriya sati uku ne zai gagareshi? Sauri ya haifi nawa fa.

Mai_Sito:

Gajere kwantar da hankalinka, abinda ka gani a cikin kwalbar ba lalacewa bane, da ace baka ganshi ba ma a kwalbar 1977 shine zan ce maka akwai alamar tambaya.

Bari in ɗan yi maka bayanin inda abin ya samo asali don ka gane dalilin jiran, ba wai ka bi kawai don ance. Port a kwarin kogin Douro ake yinta a arewacin Fotugal, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756 zamanin Marquês de Pombal, babban ministan ƙasar na lokacin. Inabin da aka fi amfani dasu irinsu Touriga Nacional, Touriga Franca, Tinta Roriz, Tinta Barroca da Tinto Cão, masu duhun fata ne. Ana matse su, a manyan gidaje har yau wasu da ƙafa ake tattakawa a cikin kwarmin dutse da suke kira lagar, kuma ba'a barin ruwan ya gama tsima, kwana biyu zuwa uku kawai sai a zuba masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77, tsimin ya tsaya cak sukari ya rage a ciki. Shi yasa take da zaƙi kuma ƙarfinta yake kaiwa wajen kashi 20. Toh a cikin wannan ɗan gajeren lokacin ake tatso launi da ɓauri mai yawan gaske daga fatar inabin, da gangan.

Bambancin vintage da sauran shine wajen shekara biyu kawai take yi a ganga, iyaka uku, sai a ɗura a kwalba ba tare da an tace ba. Duk sauran tsufan a cikin kwalbar take yinsa. A hankali launin nan da ɓaurin nan suna haɗuwa suna yin nauyi suna faɗowa ƙasa, shine guggubin. Tunda a kwance ake ajiye kwalbar sai ya taru a gefen da yake ƙasa ya zama ɓawo, wannan da ka gani manne a gefe ɗaya kenan. Duba jikin kwalbarka da kyau, wasu tsofaffin kwalabe zakaga ɗan farin fenti an shafa, alama ce ta gefen da yake sama lokacin da take kwance, don duk wanda ya ɗauke ta ya mayar da ita yadda ya same ta.

Yanzu tafiyar da tayi ta tayar da guggubin. Kuma guggubin kala biyu ne, anan mutane suke ruɗewa. Akwai manyan ɓaraguzai, su kam cikin awoyi ko kwana ɗaya sun sauka, kana kallon kwalbar kace ta washe. Akwai kuma mai laushi kamar ƙura, shi baka cika ganinsa da ido ta cikin baƙar kwalba ba, sai ka zuba a kofi kaga giyar bata sheƙi, ta ɗan yi hazo, a baki kuma kaji wani ɗaci-ɗaci da gari-gari a ƙarshen harshe wanda ya danne ƙamshin. Kamar dai ruwan rafi ne bayan an yi ruwan sama, yashi nan take yake kwanciya amma jar lakar sai ta kwana biyu tana yawo. Wanda yace maka dare ɗaya, maganar kwalbar da aka ɗauko a hankali daga sito zuwa tebur yake, ba wadda ta sha kwaramniyar mota da jirgi ba.

Ni a nawa ganin, sati biyu shine mafi ƙaranci, sati uku zuwa huɗu yafi kwanciyar hankali. Wata uku babu laifi in baka da sauri amma ba dole bane. Ka ajiye ta wuri mai duhu mai sanyi-sanyi, digiri 12 zuwa 15 in da hali, nesa da taga da injin wanki da saman firij, duk inda ake samun zafi ko girgiza. Kuma don Allah ka daina ɗaga ta kana haskawa, nasan hannu yana ƙaiƙayi amma duk ɗagawa ɗaya kana mayar da aikin baya.

Kafin ma maganar hutu akwai abinda yafi wannan muhimmanci, zafi. Shafa yatsa a wuyan kwalbar da saman murfin, akwai danƙo? Kok ɗin, wato abin da aka toshe bakin kwalbar dashi, ya ɗan turo sama ya kumbura ledar da aka rufe shi da ita? Giyar a ina ta tsaya, cikin wuya ko ta sauka kafaɗa? In kwalin ya kwana a mota cikin rana giyar tana kumbura ta tura kok ɗin ta tsatso, iska kuma ta samu hanyar shiga. Guggubi hutu yana gyarashi, amma abinda zafi ya ɓata ko shekara ka jira bazai dawo ba.

Gajere77:

Nagode ƙwarai yallabai. Na duba ba tare da na ɗaga ta ba, kok ɗin bai turo ba, giyar tana daidai gindin wuya. Akwai wani ɗan tabo baƙi a jikin takardar nan siririya da ta haye saman murfin amma a bushe yake ƙamas, ba danƙo. Farin fentin ma na ganshi, nida na ɗauka datti ne. Saura maganar tsaye ko kwance, baka faɗa ba.

Injiniya_Shakka:

Oga Mai_Sito ya faɗi gaskiya amma bari in raba maganar gida biyu don mutane suna cakuɗa su.

Magana ta farko guggubi. Wannan ba ra'ayi bane lissafi ne. Tun 1851 masanin lissafi George Stokes ya fitar da ƙa'idar yadda ƙwayar abu take nutsewa a ruwa, saurin saukarta yana tafiya ne da girmanta sau girmanta. Ma'ana ƙwayar da take rabin wata a faɗi, ninki huɗu na lokaci zata ɗauka kafin ta kai ƙasa, wadda kuma take kashi ɗaya cikin goma ninki ɗari. Kaga in babba ya sauka cikin awa uku, ƙanensa mai kashi ɗaya cikin goma na girmansa awa 300 kenan, sama da kwana 12. Ga kuma kaurin ruwan shima yana rage gudu, port tana da sukari wajen giram 100 a kowace lita, tafi giyar inabi ta yau da kullum kauri. Saboda haka sati biyu zuwa huɗu da aka ce maka ba daga sama aka tsinto shi ba.

Magana ta biyu itace wai giya tana gajiya ko tana firgita da tafiya, ƙamshinta ya ɓuya sai ta huta ya dawo, ko da babu guggubi a ciki. Wannan ni har yanzu ban gamsu ba. Duk mai baka wannan labarin zakaji kwalba ɗaya ya buɗe ranar da ta iso bata yi masa ba, bayan wata biyu ya buɗe wata tayi daɗi, sai yace hutu ne. Alhali tsofaffin kwalabe ko daga kwali ɗaya suka fito basa zama iri ɗaya, kowace da kok ɗinta kowace da iskar da ta shaƙa a shekaru arba'in. Ga kuma shi mai shan, ranar farko yana ɗoki ko ya gaji, rana ta biyu ya riga ya sa a ransa cewa yanzu ta huta. In ana son a gane gaskiya sai an samu kwalabe da yawa, rabi su yi tafiya rabi su zauna, a zuba wa mutane basu san wacce ce wacce ba. Kwalba ɗaya bata zama hujja.

Amma kai Gajere wannan gardamar bata shafeka ba, ko da firgita ko babu dole ka jira saboda guggubin, sai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Maganar tsaye ko kwance ni nace tsaye, daga yau har ranar buɗewa. Dalili, in ka kwantar da ita guggubin zai sauka a gefe, ranar da ka miƙar da ita sai mai laushin ya sake tashi ka koma jira na biyu. A tsaye kuwa sau ɗaya zai sauka gindi ya zauna. Tsoron da ake yi na kok ya bushe maganar shekaru ce ba sati uku ba.

Mai_Sito:

Injiniya lissafinka na karɓa hannu bibbiyu. Akan firgitar kuma ba zan yi rantsuwa ba, nidai na sha jin kwalbar da ta iso ƙamshinta a rufe, amma na yarda bazan iya cire hannun guggubi da na zafin hanya daga ciki ba.

Tsaye ko kwance ya danganta da niyya. In cikin wata ɗaya zaka buɗe, tsaye, na bi bayan Injiniya. In kuma kun fasa kun ce sai wata shekarar, kwantar da ita farin fentin yana sama, in babu fenti takardar sunan tana sama, sai ana saura kwana biyu ko uku ka tsayar da ita a hankali. Shi wancan tabon da ka gani a takardar, takardar hatimin hukumar da take kula da giyar port ce, a lokacin IVP ake kiranta, yanzu kuma IVDP, kuma tabo busasshe a kwalba mai wannan shekarun ba abin mamaki bane, tsohuwar tsatsowar giya ce ta da can. Jiƙaƙƙe mai danƙo shine na kwanan nan. Tunda giyar tana gindin wuya lafiya lau.

Kuma kayi sa'ar shekara. Ba kowace shekara ake fitar da vintage ba, kowane gida shi yake yanke shawara in yaga amfanin ya kai, sannan hukumar ta ɗanɗana ta amince, kusan sau uku a shekara goma ake samu. 1977 na cikin waɗanda ake lissafawa tare da 1963, 1970, 1994 da 2011. Gidajen port irinsu Taylor's, Fonseca, Graham's, Dow's da Warre's duk sun fitar a shekarar.

Dattijo_G:

Ƙanena duk sun gaya maka yadda zaka jira, ba wanda ya gaya maka yadda zaka buɗe, kuma anan ne mutane suke zubar da haƙurin sati huɗu cikin minti ɗaya.

Kok mai shekara arba'in da wani abu ya jiƙe yayi lugub, musamman ƙasansa da yake shan giya mai sukari. Ka soka masa mabuɗin nan mai murɗawa ka ja, rabin sama ne zai biyoka, rabin ƙasa ya tsaya a wuya, kana ƙoƙarin cirowa yana marmashewa, kai kuma cikin haushi ka fara karkata kwalbar kana jujjuyawa, guggubin da ka sha wahala ya kwanta ya tashi gaba ɗaya. Nemi mabuɗi mai harshe biyu, wasu ƙarafa ne sirara guda biyu ɗaya yafi ɗaya tsawo, ana cusa su tsakanin kok da gilashi ana ɗan rausaya su hagu da dama har su shige, sai ka murɗa kana ja sama a hankali. Kwalbar tana zaune akan tebur, hannu ɗaya ya danne ta, bata motsi. In duk da haka ya karye kar ka damu, tura ragowar ciki a hankali, ai dama tacewa zakayi.

A Fotugal da Ingila akwai wata tsohuwar dabara ta awartaki, ana gasa shi a wuta har yayi ja a kama wuyan kwalbar dashi ƙasa da kok na minti ɗaya ko biyu, a cire, a shafa jiƙaƙƙen ƙyalle ko gashin tsuntsu mai ruwan sanyi a wurin, kaji ƙas, wuyan ya rabu da kok ɗin a ciki, yanka ɗaya tsaf. Abin sha'awa ne a gani amma ban baka shawarar ka koya akan kwalbarka ɗaya tilo ba.

Sai tsiyayewa. Ka tanadi komai kafin ka taɓa kwalbar, tulun gilashi mai tsabta wanda baya warin sabulu, mazurari, farin ƙyalle marar kauri wanda ba'a wanke da omo mai ƙamshi ba, da kyandir ko tocilar waya a kwance akan tebur tana haska sama. Goge bakin kwalbar ciki da waje. Ɗaga ta sannu, gefen da ɓawon yake ya kasance ƙasa, ka karkata yadda hasken zai bi ta kafaɗar kwalbar. Zuba siriri, kuma in ka fara kar ka tsaya, don duk lokacin da ka miƙar da kwalbar giyar zata koma baya ta daki guggubin. Idonka a wuyan kwalba ba a tulun ba. Da farko zakaga ruwa ja garau mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa yana wucewa ta cikin hasken, can wajen ƙarshe sai kaga wani baƙin zare siriri ya fara biyowa ta ƙasan wuyan, daga nan sai ɗigo-ɗigo. Da kaga zaren ka tsaya. Zai rage kamar kaurin yatsa biyu a gindin kwalbar, ka haƙura dashi.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, ƙyallen nan manyan ɓaraguzai da marmashin kok kawai yake tarewa, mai laushin wucewa yake abinsa. Kar wani ya ruɗeka yace ai tacewa zata maye gurbin jira.

Uwar_Biyu:

Baba Dattijo toh takardar tace kofi fa? Naga wasu suna amfani da ita sunce tana kama har mai laushin.

Dattijo_G:

'Yata tana kamawa fiye da ƙyalle kam, amma ni bana sa ta a dukan kwalbar. Toshewa take yi, giyar ta dinga ɗiga ɗaya-ɗaya tana shan iska fiye da kima, wata takardar kuma tana barin ɗanɗanonta. Inda take da amfani shine wannan ragowar ta gindi, ka tace ta daban a wani kofi, kar ka haɗa da ta tulun.

Gajere, lokacin da zata zauna a tulu kafin a sha ma ana saɓani. Sabuwar vintage mai shekara goma ko sha biyar tana son awoyi da yawa. Taka ta manyanta, ni zan tsiyaye awa uku kafin lokaci, in ɗan ɗanɗana nan take, in naji barasar tana hawa hanci ƙamshin bai fito ba in barta a buɗe, in kuma naji ta riga ta buɗe in rufe tulun. Kar ta yi ɗumi, digiri 16 zuwa 18, a ɗaki mai zafi barasar ce kaɗai zakaji. Ƙananan kofuna, kashi 20 ba wasa bane kuma zaƙin yana ɓoye ƙarfin, wanda zai tuƙa mota a bashi wani abin daban.

Gajere77:

Toh na gane. Tawny ranar Asabar, ta 77 tana tsaye a ƙasan kabad sai ƙarshen wata mai zuwa. Tambaya ta ƙarshe, mu ba masu yawan sha bane, in ta rage kwana nawa take yi?

Mai_Sito:

Tawny ɗin sati uku zuwa huɗu a firij da murfinta ba matsala, ta riga ta saba da iska tun a ganga. Ta 77 ɗin kuwa kwana biyu, in an matsa uku, daga nan ƙamshin zai fara gudu. Ɗauraye kwalbarta da ruwa zalla ka zubar da guggubin, ta tsane, ka mayar da ragowar ciki ko mafi kyau ka nemi ƙaramar kwalba da zata cika har wuya, ka toshe ka sa firij, ka fito da ita rabin awa kafin a zuba. Kwalbar mililita 750 in ka cire na gindi tana bada ƙananan kofuna goma ko sama da haka, saboda haka gara ka ƙara gayyato mutane ranar.